Ƙullin Gwamma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu a kanta, ya ba ƙafa ikon tafiya, ya ɓoye mata inda za ta tsaya. Ni ne Korau baduku, mutumin Kandarma ta kan tsauni. Na sha ruwan garuruwan da bakina bai iya faɗin sunansu ba, na ga rana biyu a sama guda, na dawo gida da abin da aka aike ni nema, ban dawo da wanda ya raka ni ba. Mai son labari ya gyara zama. Mai sauri ya ajiye takalminsa ya tafi, in na gama zan duba masa.

Kandarma garin baƙin dutse ne mai kaifi. Wanda ya taka shi da tafin ƙafa sau ɗaya ba ya sakewa, shi ya sa tun kafin a yaye yaro ake ɗinka masa takalmi. Takalminmu na kirgi ne, wuyansa har tsakiyar ƙwauri, gabansa a tsage. A gefen tsagar nan dama da hagu ake dasa 'yan zobban tagulla a cikin fata, idanu muke ce musu. Igiyar fata ke bi ta cikinsu tana gilmawa tun daga kan yatsu, in ta kai sama ta zagaye ƙwauri, sannan a ƙulle.

To, muna da al'ada. In namiji zai yi tafiya ba shi ke ɗaure takalminsa ba. Matarsa ce ke durƙusawa ta zarga igiyar, ta ƙulle, ta lulluɓe ƙullin da kakin zuma don kada idon kowa ya gan shi. Ƙullin gida ke nan. Ba mai kwance shi sai ita, ran da mutum ya dawo. Ko alwala, shafa ake yi a kai. Tsofaffinmu sun ce in aka kwance shi a hanya, ko aka yanke igiyar, wadda ta ƙulla za ta mutu, ba za ta ga girbin kaka ba. Ban taɓa ganin matar da ta mutu ta haka ba, amma kuma ban taɓa ganin namijin da ya gwada ba. Abin bai dame mu ba, don tsauninmu sanyi gare shi, ƙafa ba ta kumbura, tafiyarmu kuma ba ta wuce kasuwannin maƙwabta.

Ana nan sai ramin da muke haƙar tagulla ya rufta. Muka koma dasa idanu na baƙin ƙarfe. Damina ɗaya suka yi tsatsa, tsatsa ta riƙa cin igiya, igiya ta riƙa tsinkewa mutum yana tsakiyar gangare. Bayan mun ɗauko gawar mutanen da muka ɗauko daga ƙasan kwazazzabai, dattawa suka kira ni suka ce in sauka ƙasar ƙasa, inda ba wani ɗan Kandarma da ya taɓa zuwa, in nemo inda ake samun tagulla. Ni kuwa ko kare ban iya kora ba. Wana Nomau, maharbi, mutum mai ƙirar ƙarfi da taurin kai, ya ce ba zai bar ɗan uwarsa ya tafi shi kaɗai ba. A lokacin matarsa Gwamma tana da tsohon ciki.

Ranar tashi gari ya taru a bakin gangare, makaɗa na ta dukan ganga. Gwamma ta durƙusa da ƙyar, ta zarga igiyar takalman Yaya, waɗanda ni na ɗinka masa na aure da tagullar ƙarshe da ta rage mini. Ta juya mana baya ta ƙulle, ta shafe da kaki. Da ta miƙe sai ta kai baki kunnensa ta faɗi wani abu. Na duba aikinta na ga 'yar wutsiyar igiya ta leƙo daga cikin kakin, a ƙafar dama da ta hagu.

Na ce, "Matar Yaya, ashe ko ƙulli ba ki iya ba? Ga wutsiya kin bari a waje."

Ta ce, "Ji tuzuru da iyayi. Nemo taka matar ka koya mata. Ko in kawo igiyar akuya in ɗaure maka naka?"

Aka yi mini dariya. Gaskiyarta, ba ni da mai ƙulla mini. Na sunkuya na ɗaure nawa da hannuna a gaban jama'a, kunya kamar in nutse. Ban san wannan kunyar ce za ta dawo da ni gida ba.

Muka gangara har sanyi ya ƙare, har dutse ya zama turɓaya, muka shiga Filin Rana Biyu. Can in babbar rana ta faɗi, sai wata ƙarama ja ta ɓullo daga kudu, wadda tsauninmu ke ɓoye mana tun kaka da kakanni. Dare ba ya yi. Ƙasa zafi gare ta kamar tanda. Mutanen wurin makiyayan kunkuru ne, kunkuru kuwa kowane ɗaya ya kai ɗakin kwana, a inuwarsu suke tafiya, a ƙarƙashinsu suke barci. Suka yarda muka raɓa da wani tsohon kunkuru mai tsagaggen baya, muna bin inuwarsa.

A nan ƙafafunmu suka fara kumbura. Ni da na ji matsi sai na zauna na kwance nawa, na tsallake idanun da ke bisa gadon ƙafa, na sake zargawa sakwa-sakwa, na sha iska. Yaya Nomau ya kawar da kai. Amma na ga tafiyarsa ta canja, yana ɗora ƙafa kamar mai taka ƙwai.

Na ce, "Yaya, zauna in gani."

Ya ce, "Ka gani da ido, ban da hannu a kan ƙulli."

Duk dabarar dukanci da na sani na yi masa. Na sa basilla na janyo ɗan sararin da ke wajen yatsu na maido shi idon sawu. Na shafe fatar da kitse don ta saki. Da abin ya ƙi, na sa wuƙa na tsaga bakin fata na 'yanta ido ɗaya daga inda ya fi cizonsa, igiya ta ɗan sassauta ba tare da an taɓa ƙulli ba. Ya yi ajiyar zuciya. Amma kowane ido da na cire gurbi yake bari a yage, in na yawaita takalmin zai wargaje, ƙasar nan kuwa ba ta takuwa da tafin ƙafa. Sararin da na samo masa yau, gobe kumburi ya cinye.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na ce, "Haba Yaya, wa zai sani? Mu kwance, ƙafarka ta sha iska, in sake ƙulla maka in shafe da kaki. Ko Gwamma ba za ta gane ba."

Ya ce, "Ni zan sani. Mace da ciki, Korau. Rai biyu zan sa a caca saboda ƙafata na ciwo?"

"Ka taɓa ganin wadda ta mutu?"

"Kana so a fara gani a kan tawa?"

Na zage shi, Allah ya yafe mini, na ce masa jaki mai kunnen ƙashi. Ya yi murmushi kawai. Abin da na lura da shi a kwanakin nan shi ne, duk sa'ad da muka zauna hutawa sai ya kai hannu kan 'yar wutsiyar nan da ta leƙo daga kaki, ya riƙe ta da yatsu biyu, ya daɗe yana kallon arewa, sannan ya saki. Na ɗauka kewar matarsa ce. Ko barci zai yi, tanƙwashe ƙafafu yake yi ya dafe ƙullin da tafin hannu. Sau ɗaya na lallaɓa da wuƙa yana kwance a inuwar kunkuru. Bai ko motsa ba, ido kawai ya buɗe ya ce, "In ka yanke, ba ni da ƙane." Na mayar da wuƙata kube.

Makiyaya suka rabu da mu a bakin Fadamar Gishiri, suka nuna mana hayaƙin wani birni can tsallake, suka ce tagulla a can har tukwane ake yi da ita. Fadamar nan laka ce mai ɗumi, samanta fari fat da gishiri, ka rantse busasshiyar ƙasa ce. Muna tsakiya ɓawon ya fashe da mu. Na nutse har gwiwa, laka ta damƙe ni. Na lalubi igiyata a cikin taɓo na kwance, na zare ƙafafuna, na kwanta rub da ciki na ciro takalman da hannu. Na waiwaya na ga Yaya a kafe, laka ta kai masa cinya, yana ja tana ja. Ga kuma matsattsaku sun ji motsi sun taso, kowane ɗaya ya kai tsawon hannun mutum, suna tahowa a saman gishiri a hankali, ba sa ko sauri.

Na ce, "Yaya, yanzu kam ka kwance. Mutuwa ce ke tahowa."

Ya zare baka ya ɗana kibiya ya ce, "Nemi wata dabara, kai ne mai wayon gidanmu."

Yana harbin na gaba-gaba ni ina rarrafe ina kuka ina zaginsa. Na ga wani kara mai rami a ciki ya tsiro a gefe. Na tuna yadda ƙafar tsohuwar saniya ke fita daga taɓo in ruwa ya shiga ƙarƙashin kofato. Na karyo karan, na soka shi a jikin ƙafar Yaya har ya wuce dunduniya, na cika baki da ruwan salkarmu na hura. Na hura har idona ya rufe. Sai laka ta yi wani irin gurnani ta saki ƙafar dama. Na koma ta hagu. Kibiyarsa ta ƙarshe ta tafi, wani matsattsaku ya riga ya kama shi a kwiɓi, na fizge shi da hannu, muka mirgina bisa ɓawon gishiri har muka kai tudu.

Mun tsira, amma fadamar nan ce ta gama da shi. Fatar takalmansa ta sha ruwan gishiri, rana biyu suka busar da ita, ta ƙanƙance ta yi tauri kamar ƙaho. Igiya ta nutse a cikin nama. Naman ƙwaurinsa ya tasa ta saman wuyan takalmin, ya yi ja, ya koma shuɗi. Daga nan wari ya fara. Ya daina cewa yana jin ciwo, wannan kuwa ya fi komai tsorata ni. Na sa kafaɗata a hammatarsa muka ja jiki har ƙofar Birnin Lallausa.

Abin da na gani a ƙofar nan ya tsayar da ni cak. Takalma ne rataye a jikin ganuwa, ba iyaka. Mutanen birnin a cikin titunansu suke binne matattunsu, saboda haka ba a taka ƙasar garin da takalmi. Ina tsaye wani mai haƙar gishiri ya iso, ya sunkuya, ya sa yatsa ya zame igiyar takalminsa ɗaya bayan ɗaya, ya zare ƙafa ya rataye, ya wuce abinsa. Na matsa na duba. Ba idanu gare su ba, 'yan ƙugiyoyi ne na tagulla, baki a buɗe, igiya ke maƙalewa a ciki. Ƙullinsa kuwa yana nan yadda yake, bai taɓa shi ba. Na ji kamar an kwaɗa mini mari. Mu a Kandarma cire takalmi da kwance ƙulli abu ɗaya ne a kanmu, ba wanda ya taɓa raba su, har ni da na girma da basilla a hannu.

Mai tsaron ƙofa ya dubi Yaya ya ce, "Baƙo, ba a taka iyayenmu da fatar dabba. Cire."

Yaya ya ce, "Ba zan iya ba, malam."

Ban tsaya gardama ba. Na tuɓe nawa na rataye, na durƙusa na ce, "Hau, Yaya." Ya ce shi ba jariri ba ne. Na ce yau dai ya zama. Na goya shi, ƙafafunsa na reto, mai ƙofa ya dube mu ya matsa gefe. Haka na ratsa birnin da ƙaton wana a baya, mutane na toshe hanci suna nuna mini hanyar maƙera.

Maƙerin tsoho ne, Baba Tunau. Ya saurari labarinmu bai katse ni ba, bai kuma yi wa al'adarmu dariya ba. Ya ce wa Yaya, "Ɗana, igiyarka ba za ta ji ko ƙwarzane ba. Tagullar zan yanka." Ya nuna masa a kan wani tsohon takalmi tukuna. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ƙafafu, ya dafe kakin da hannuwansa biyu. Baba Tunau ya sa siririn zarto yana buɗe idanun ɗaya bayan ɗaya, ni ina zame igiyar. Da ta saki gaba ɗaya sai ta zama babban zagaye, ƙulli na nan a jikinta. Muka jiƙa fatar da mai mai ɗumi, muka ja a hankali.

Ba zan faɗa muku abin da ya biyo takalmin ba, akwai masu shirin cin abinci a nan. Wanzamin da aka kira ya duba ƙafafun, ya danna cinya, ya danna mara, ya fita da ni waje ya ce, "Da kun zo kafin fadama, da yatsu kawai zai rasa. Yanzu dafi ya wuce inda aska ke kaiwa."

Na koma ciki na tarar Yaya ya rungume takalman yana jujjuya su, yana duba kakin. Ya ce, "Ka gani, Korau? Ko tsagewa bai yi ba." Murna yake yi, wallahi, murna. Ya sa Baba Tunau ya dasa musu ƙugiyoyi a gurbin idanun, wai da su zai taka zuwa gida. Aka dasa. Ya yini yana maƙala igiyar yana zamewa kamar yaro da sabon abin wasa, yana cewa, "Dubi abin banza, dubi ɗan abin da ya gagare mu." Zazzaɓi ya rufe shi bayan nan. Kafin hankalinsa ya gushe ya kama hannuna ya ce, "Ka kai mata da hannunka. Ita za ta kwance." Aka binne shi a titin maƙera, inda ba mai taka shi sai da tafin ƙafa.

Na zauna wajen Baba Tunau har na iya zuba ƙugiya da dasa ta, ya haɗa ni da fatake masu sanin hanyar da ke kewaye fadama, muka ɗoro tagulla a bayan kunkuru. Ban ji daɗin komai ba a hanyar dawowa. Takalman Yaya na rataye a wuyana, dare da rana, in ma akwai dare.

Na iso Kandarma an riga an yi girbi an kai rumbu. Gari ya fito taryar tagulla, na bar su da ita na wuce gidan Yaya. Gwamma na tsakar gida tana tankaɗe, da jaririya goye a bayanta, lafiyarta ƙalau. Ta ɗago ta gan ni, ta duba bayana, ta dubi abin da ke wuyana. Ba ta ce mini tuzuru ba. Ta ajiye rariya.

Na durƙusa na ajiye takalman a gabanta na ce, "Ya ce ke za ki kwance. Bai bar kowa ya taɓa ba."

Na ba ta labari tun daga Filin Rana Biyu har titin maƙera. Ba ta yi kuka ba. Da na gama sai ta ɗauki na dama, ba ta ko ɓare kakin ba, ta kama 'yar wutsiyar nan da yatsu biyu ta ja. Kaki ya tsage, ƙulli ya warware gaba ɗaya, igiya ta zube a ƙasa. Ta ɗauki na hagu ta yi masa haka. Ashe ba ƙullin gida ta yi masa ba, zarge ne, irin wanda ake ɗaure bakin jaka da shi.

Ta ce, "Na san ba ku san inda za ku ba. Na ce masa a kunne, in ya matse ka, ka ja, na yafe, ko me zai same ni ya same ni." Sai ta ƙara da cewa, "Korau, ranar ana ta ganga. Wataƙila bai ji ni ba. Ko?"

Ta zuba mini ido tana jira. Na san amsar da take so, na kuma san wanda ke kwance a titin maƙera bai cancanci a rage masa abin da ya yi ba. Na ce, "Ya ji, Yaya Gwamma. Duk inda muka zauna, yatsunsa na kan wutsiyar nan. Ya riƙe, ya saki."

Sai a lokacin ta zauna a ƙasa. Ta kwanto jaririyar daga baya ta ɗora ta a cinya, ta tattara igiyoyin biyu ta dunƙule a hannu. Ta ce, "Da ya ja." Na tashi na fita.

Yau a Kandarma mata na nan suna ƙulla ƙullin gida, suna shafe shi da kaki, ba wanda ya hana su. Amma takalmin da ya fito daga rumfata ƙugiya gare shi daga idon sawu zuwa sama, kuma ba na barin mai tafiya ya tashi sai ya zame igiyar ya zare ƙafarsa a gabana, matarsa na kallo. Takalman can da ke rataye bisa kaina, marasa igiya, ba na sayarwa ba ne, ku daina tambaya. Igiyoyin suna wajen Gwamma.

Nan labarina ya tsaya. Allah ya ji ƙan wanda ya tafi, ya sassauta wa wanda ya rage. Kai mai jan rawani, miƙo ƙafarka in gani, tun ɗazu nake kallon yadda kake ɗingishi.